Muskari a Kaduna: wanne za ka saya, na kowa, na ƙamshi, ko ɗan uwansa da ba ya neman firji?

Muskari ƙaramin fure ne mai fitowa daga albasa. Furanninsa ƙanana ne kamar 'yan tuluna, suna cure a kan zangarniya ɗaya tamkar nonon inabi da aka juya sama. Asalinsa ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne zuwa yammacin Asiya, kuma Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa yawan ire-irensa. Philip Miller ne ya raɗa wa dangin wannan suna a 1754, daga kalmar Girkanci ta miski, saboda ƙamshin wasu daga cikinsu. Masu sha'awar fulawa a Kaduna da suka ga hotonsa kan tsaya a tsakani: su fara da mai araha, ko su zuba kuɗi a kan wanda ba kowa ke da shi ba, ko kuwa su nemi iri su shuka da kansu.

Kafin a taɓa aljihu, a san abu ɗaya. A garinsu muskari, sanyi da ruwan sama tare suke zuwa, zafi da fari su ma tare. Albasar takan yi saiwa da ganye a lokacin sanyi mai laima, ta yi fure da sanyin ya fara janyewa, sannan ta kwanta barci a busasshiyar ƙasa mai zafi. Mu a nan abin a juye yake. Hunturunmu busasshe ne, kuma sanyinsa bai kai ba: daren Disamba da Janairu a Kaduna yakan tsaya wajen digiri 14 zuwa 16, da rana kuma a koma 30. Damina kuwa, daga Mayu zuwa Oktoba, tana zuwa daidai lokacin da albasar ke son ta bushe. Saboda haka duk wanda zai riƙe muskari a nan aiki biyu ke gabansa: ya ƙirƙiro masa sanyi, ya kuma ɓoye shi daga ruwa.

Abubuwan da za a auna

Na farko yawan sanyin da nau'in ke buƙata, da ko za ka iya samar da shi. Na biyu ɗorewa: shin albasar za ta sake fure a shekara ta biyu, ko ta shekara ɗaya ce? Na uku kuɗi, kuma a nan ba farashin albasa kaɗai ba ne, har da dako, da takardu, da wutar da firji zai ci wata uku da rabi. Na huɗu sauƙin tantancewa, domin mai tara nau'o'i da bai san abin da ke tukunyarsa ba, takardar suna kawai ya tara. Na biyar haɗari: ruɓewa, kuskuren suna, da guba.

Maganar takardu a gajarce: shigo da albasa ko iri daga waje yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka sayo. Turkiyya kuma ta hana fitar da albasar muskari da aka tono daga daji, don haka a nemi wadda aka raina a gona, yawanci daga Holan ko Ingila.

Yadda ake ƙirƙiro sanyin

Wannan ya shafi kusan dukan zaɓuɓɓukan, shi ya sa ya kamata a gama da shi tun yanzu. Muskari na son sati 12 zuwa 15 a sanyin digiri 5 zuwa 9. Firji ne, ba firiza ba. In albasa ta daskare, ta tashi aiki. A sa ma'aunin zafi a ciki, kada a dogara da lambar da ke jikin maɓalli.

Hanyar da ta fi dacewa da Kaduna kashi biyu ce. Sati 7 ko 8 na farko albasar tana cikin jakar takarda mai huji, a aljihun ƙasa na firji, nesa da bangon baya inda ƙanƙara ke taruwa. Daga nan a dasa a tukunya, a ba da ruwa sau ɗaya, a mayar firji na sauran sati 6. Dalili kuwa, saiwa a sanyi take fita da kyau. In aka fito da albasa tsirara aka binne ta a ƙasa mai ɗumi, ganye kan riga saiwa fitowa, sai zangarniyar ta maƙale a wuyan albasa ko ta fito guntuwa.

Lissafin kwanaki shi ne zuciyar aikin. Albasar da ta shiga firji ranar 15 ga Satumba, sati 14 zai cika ranar 22 ga Disamba, fure kuma ya buɗe bayan sati 2 zuwa 3, wato tsakanin 5 da 12 ga Janairu, lokacin da hunturu ke kan ganiyarsa. Wadda ta shiga ranar 1 ga Nuwamba sai 7 ga Fabrairu za ta fito, furenta ya faɗo ƙarshen wata, lokacin da zafin bazara ya fara leƙowa. Irin wannan furen cikin 'yan kwanaki yake ƙonewa. Masu sayarwa a Turai daga ƙarshen Agusta ko Satumba suke fara aikawa, don haka oda a Yuli ake yi, ba a Oktoba ba.

Abubuwa uku ke ɓata aikin firji. Ayaba, mangwaro, gwanda, tumatir da tuffa suna fitar da iskar etilin, wadda ke kashe furen tun yana cikin albasa; ganye zai fito kore shar, fure babu. Sai ɗauke wuta: firjin da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyinsa kamar awa huɗu, kuma jera robobin ruwa a ciki na ƙara masa juriya, amma kwana biyu ko uku babu wuta yana rage lissafin da aka tara. Wanda ba shi da sola ko inbata ya tambayi kansa da gaske ko firjinsa zai riƙe sanyin. Na uku kuwa abin dariya ne har sai ya faru: albasar muskari ta yi kama da ƙananan albasar miya. A rubuta a jikin jakar da manyan baƙaƙe, a kuma faɗa wa uwargida da yara.

Bayan an fito da tukunya, a ajiye ta inda hantsi ke taɓawa amma rana tsaka ba ta kaiwa, kamar barandar gabas. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa Muhammad Bah Abba ya yaɗa don adana kayan miya, tana da amfani a wannan matakin, don busasshiyar iskar hunturu na sa ta sanyaya saiwa sosai. Sai dai ba ta maye gurbin firji. Ba ta sauka zuwa digiri 9.

Zaɓi na ɗaya: Muscari armeniacum

Shi ne na kowa, wanda ake gani a yawancin hotuna. Asalinsa yankin Balkan, Girka, Turkiyya da Kaukasus. Tsayinsa santimita 15 zuwa 20, furensa shuɗi mai haske, bakin kowane fure a tsuke da ɗan farin baki kamar an ɗinka masa zare. Ganyensa siriri ne, dogo, yana kwantawa.

Shi ya fi araha nesa ba kusa ba. A jaka ake sayar da shi, 25, 50 ko 100. A nemi albasa mai kewayen santimita 8 zuwa 9 ko fiye, domin babba kan ba da zangarniya biyu ko uku. Tukunya mai faɗin santimita 15 tana ɗaukar 10 zuwa 12, a jera su kusa amma kada su taɓa juna, tsinin yana ɗan ƙarƙashin ƙasa. Haɗin ƙasa: kashi 2 ƙasar lambu, kashi 1 yashin kogi mai kaushi, kashi 1 ruɓaɓɓen taki da ya huce. Ɗanyen kashin kaji ko yuriya ba su da gurbi a nan. Ganye za su tara, albasa ta yi laushi.

A shekarar farko shi ne mafi tabbas, saboda furen riga yana cikin albasar tun daga gonar da ta fito. Shekara ta biyu ce matsalar. Bayan fure, ganye na buƙatar kamar sati 6 yana kore don ya mayar wa albasa abin da ta kashe, amma zafin Fabrairu da Maris kan busar da shi da wuri. Albasar sai ta ƙanƙance, ta rabu zuwa 'ya'ya ƙanana da ba su isa fure ba. Wanda ya ɗauke shi a matsayin furen shekara ɗaya ba zai yi da-na-sani ba. Daga cikin ire-irensa akwai 'Valerie Finnis' mai ruwan bula, da 'Blue Spike' mai cunkoson fure. Ɗan uwansa Muscari aucheri, mai 'Blue Magic' da 'White Magic', hanya ɗaya ake bi da shi.

Haɗarinsa ga mai tarawa shi ne rikicin suna. Ana yawan cakuɗa shi da Muscari neglectum da Muscari botryoides. Neglectum shuɗinsa ya yi duhu har ya kusa baƙi, kamar zanen da ya sha rini sau da yawa, kuma albasarsa cike take da 'ya'ya. Botryoides furensa kusan dunƙulalle ne, ganyensa biyu ko uku a miƙe, suna ƙara faɗi wajen sama.

Zaɓi na biyu: latifolium da azureum

Waɗannan su ne matakin tsakiya: sun fi armeniacum tsada kaɗan, ba su kai a kira su masu wuya ba, kuma kyawunsu ga mai koyo shi ne ba a yi masa ƙarya a kansu. Muscari latifolium na dazuzzukan yammacin Turkiyya ganye ɗaya mai faɗi yake fitarwa, wani lokaci biyu, zangarniyarsa kuma launi biyu: ƙasa shunayya mai duhu babu farin baki, sama shuɗi mai haske. Furannin saman nan ba sa yin iri. Da yake ɗan inuwar daji ne, ranar Kaduna ta fi yi masa illa. Kuma ba ya yawan 'ya'ya, in albasa ta mutu babu magaji.

Azureum kuwa bakin furensa a buɗe yake kamar ƙararrawa, ba a tsuke ba, da ɗan layi mai duhu a kowane ɓangare. Wannan buɗaɗɗen bakin ne ya sa wasu masana suka ware shi da 'yan uwansa a ƙarƙashin sunan Pseudomuscari, don haka za ka iya samunsa da suna biyu a kasuwa. Gajere ne, ɗan tsaunuka, yana son sanyinsa cikakke.

Zaɓi na uku: masu ƙamshi, macrocarpum da muscarimi

A nan ne hankalin mai neman abin da ba kowa ke da shi ba yake tsayawa, kuma da gaskiyarsa. Muscari macrocarpum ɗan gabashin tsibirin Kirit ne da wasu tsibiran tekun Girka da kudu maso yammacin Turkiyya. Furensa ya fi na sauran tsawo, yana fitowa da launin shunayya, in ya buɗe ya koma ruwan ɗorawa, ƙamshinsa kuma tukunya ɗaya na cika baranda. Irin da aka fi samu a kasuwa shi ne 'Golden Fragrance'. Muscari muscarimi, wanda wasu littattafai ke kira Muscari racemosum, fari ne mai ratsin toka ko kore-kore, ba shi da ɗaukar ido, amma shi ne mai ƙamshin miskin da dangin ya ci suna a kansa.

Ana sayar da su ɗaɗɗaya, ko uku, ko biyar, kuma kuɗin ƙwaya ɗaya na iya sayen tarin armeniacum. Albasarsu babba ce, kuma abin da ya raba su da sauran shi ne saiwa: kakkaura ce, mai nama, ba ta mutuwa a ƙarshen shekara. Tsiron ba ya son a dinga tone shi. Ke nan dabarar tono albasa a zuba a jakar takarda, wadda ke aiki ga armeniacum, a nan tana mayar da shi baya kowace shekara. Dole ya zauna a tukunya mai zurfin santimita 25 zuwa 30, rabin haɗin ƙasarta tsakuwa da yashi, a binne albasar kamar santimita 10, kuma tukunyar ɗungurungum ce za ta shiga firji. Firjin gida da ake ajiye miya da ruwan sanyi ba zai ɗauki wannan ba. Sai an ware masa nasa.

Akwai gefen da Kaduna ta yi musu daidai. Waɗannan nau'o'in suna son albasarsu ta gasu a busasshiyar ƙasa bayan ganye ya mutu, har masu lambu a Ingila kan yi kukan rashin isasshen zafi ne ke hana su fure. Maris da Afrilunmu sun ishe su. Abin tsoro shi ne ruwan farko: tukunyar da aka manta a waje, ruwan Mayu ya jiƙa ta a cikin zafi, cikin 'yan kwanaki albasar ta zama ruwa-ruwa tana wari. Tun ƙarshen Maris a shigar da ita ƙarƙashin rufi inda feshi ba ya kaiwa, a ɗora kan bulo ko benci saboda gara, kada a ba ta ko ɗigo har Satumba. Laimar iskar Agusta kaɗai na iya kawo fumfuna, don haka wurin ya zama mai shan iska, ba cikin leda ko rufaffen sito ba.

A ganina wannan zaɓi bai dace da shekarar farko ba. Ba don ya fi ƙarfin mutum ba, sai don kuskuren da kowa ke yi a karon farko ya fi kyau a yi shi a kan albasa mai araha.

Zaɓi na huɗu: comosum

Muscari comosum, ko Leopoldia comosa, dogo ne, yakan kai santimita 30 zuwa 60. Furannin ƙasa ruwan ƙasa ne, a warwatse, a sama kuma akwai tuntu na shunayya. Ɓawon albasarsa ja-ja ne, abin da ke sa a gane shi tun bai tsiro ba. A kudancin Italiya da Girka ana cin albasarsa bayan an tafasa an zubar da ɗacin, amma wannan ba dalili ba ne na ɗanɗana wadda aka sayo don ado, tunda ana yi mata feshin magani. Ya fi sauran jinkirin fure, wanda a Kaduna ke nufin faɗawa cikin zafi. Ga mai tarawa yana da daraja don ya cike sahu. Ga mai neman kyau, bai kai wahalarsa ba.

Zaɓi na biyar: shuka daga iri

Nau'o'in da ba a samun albasarsu a kasuwa ta hanyar iri ake samunsu, kamar a musayar iri da ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, Alpine Garden Society, ke yi wa mambobinta duk shekara. Iri ba shi da nauyi, dakonsa da sauƙi. Ana shuka shi a zurfin santimita 1, yana buƙatar sanyi mai laima na wata biyu zuwa uku kafin ya tsiro, kuma shekarar farko ganye ɗaya ne siriri kamar zare. Kafin fure sai shekara 3 zuwa 4. A Kaduna wannan na nufin zagayen firji uku ko huɗu a jere babu ko ɗaya da ya lalace, da albasa ƙanana kamar ƙwayar dawa da za a tsallakar da su damina uku. Ƙari a kan haka, muskari da aka shuka kusa da juna kan yi barbara, sai irin ya fito ba shi ne abin da aka rubuta ba.

Zaɓi na shida: 'yan uwan da suka saba da zafi

Muskari na da dangi a Afirka, a reshe ɗaya na gidan tsirrai. Albasar kura da ake gani a dajinmu tana fitar da doguwar zangarniya kafin ruwa ya zauna, 'yar gidan ce, sai dai gubarta mai taɓa zuciya ce, ba ta dace da gidan da akwai yara ko awaki ba. Wadda ta fi dacewa da tukunya ita ce Ledebouria. Ledebouria socialis ta Afirka ta Kudu tsayinta santimita 10 zuwa 15, albasarta a saman ƙasa take zama, ganyenta ruwan azurfa da ɗigo-ɗigon kore, bayansa shunayya. Furenta ƙanana ne a kan zangarniya, kore-kore, ba su da shuɗin muskari, wannan gaskiya ne. Amma ba ta neman firji, tana son inuwa-inuwa, tana yin 'ya'ya har ta cika tukunya, kuma in ƙasarta na tsiyayar da ruwa tana wuce damina lafiya. Ita ma ba a cinta. Akwai wasu nau'o'in Ledebouria a dajin Afirka ta Yamma da ke fitowa da ruwan farko, fagen tarawa ne da kusan ba a taɓa ba. Wanda ya samu ya ɗauki iri ko ɗa ɗaya, kada ya kwashe wurin.

| Zaɓi | Sanyi | Ɗorewa a Kaduna | Kuɗi | Tantancewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| armeniacum, aucheri | sati 12 zuwa 15 a firji | yawanci shekara ɗaya | kaɗan | ana rikita shi | etilin, isowa a makare |
| latifolium, azureum | haka, cikakke | rauni | matsakaici | mai sauƙi | rana, rashin 'ya'ya |
| macrocarpum, muscarimi | tukunya duka a firji | mai yiwuwa in an tsare ruwa | mai yawa | mai sauƙi | ruɓewa da damina |
| comosum | sati 12 zuwa 15 a firji | rauni | matsakaici | mai sauƙi | fure cikin zafi |
| daga iri | kowace shekara, 3 zuwa 4 | mafi wuya | iri kaɗan, wuta da yawa | sai ya yi fure | barbara, mutuwar ƙanana |
| Ledebouria | babu | shekaru | kaɗan | matsakaici | ruwa ya kwanta a tukunya |

Wa ya dace da wanne

Mai son ya ga shuɗin nan a barandarsa a watan Janairu, ko a Malali yake ko a Barnawa, ya sayi jakar armeniacum 25, ya tabbatar ta iso kafin ƙarshen Satumba, ya raba tukunya biyu. In ta iso a Nuwamba, ya san kuɗinsa na cikin kasada. Mai son ya koyi bambance nau'o'i ya ƙara latifolium da azureum biyar-biyar a wannan odar, ya jera su gefe da gefe ya dubi bakin fure da yawan ganye, ya ɗauki hoto, ya rubuta ranar shiga firji da ranar fita a jikin kowace tukunya.

Macrocarpum na wanda ya riga ya yi zagaye ɗaya lafiya ne, yana da firji na daban a kan sola, da rumfar da ruwa ba ya shiga. In yana da gida ko ɗan uwa a Jos, inda tudun ya kai kusan mita 1,200 kuma daren hunturu ya fi namu sanyi, ya kai tukunyar can bayan ta fito daga firji; ganye zai fi daɗewa kore, albasar kuma ta fi samun ƙarfin shekara mai zuwa. Iri sai mai haƙurin shekara huɗu da wutar da ba ta yankewa. Wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, ko firjin gidan ɗaya ne kuma tumatir ba ya rabuwa da shi, ya fara da Ledebouria a tukunyar ƙasa mai huji uku a gindi, da tsakuwa kamar yatsa biyu a ƙasanta.